Ƙafar Tanimun

Laraba, 2 ga Afirilu, bayan la'asar

Mun iso asibitin Konni da azahar, a gaban motar siminti. Abarshi, ƙanen maigida kuma direban motar, shi ya baro Malbaza ya je har Badaguishiri ya ɗauko mu. Ya ce Konni za mu zo tunda iyalinsa na nan, ko ba komai a samu mai kawo tuwo. Tun daga ƙofar gida ƙafar tana kan cinyata. Duk ramin da taya ta faɗa, sai in ji haƙoran maigida sun haɗu.

Shekara goma sha shida ban kira sunansa ba. Amma wannan kaye, littafin rubutun nan, nawa ne, ragowar wanda nake shirya darasi a ciki lokacin da nake koyarwa a lakwal, ba mai buɗe shi. Tanimun. Ga shi na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ƙafar dama ce. Fartanya ta sare shi a gefen tafin sawu yana gyaran hanyar ruwa a lambun albasa. Ciwon da bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Yau ta kumbura har ƙwauri, fatar tana ƙyalli. Warin ba sai na rubuta ba, mutanen gadon kusa duk sun juya fuska.

Lokotoro Mahmud ne ya duba shi, wani dogo mai magana a hankali. Ya danna nan, ya danna can, sannan ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Sati biyu."

"Mi anka ba shi a gida?"

"Parasetamol ɗai, lokotoro."

Abin da na ce ke nan. Tanimun ya kalli rufi. Sati bakwai ne, tun kafin azumi.

Alhamis, 3 ga Afirilu, da hantsi

An sa masa ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Majo, babban ma'aikacin ɗakin, ya zana layi da bik a ƙwaurin, daidai inda kumburin ya tsaya. Ya ce in riƙa kallo, in ya wuce layin in faɗa.

Abarshi ya shigo da kunu, bakin nan nasa da ba ya hutawa.

"Lokotoron gida! Yau an kawo ki inda ba ki da iko. Ina gwangwanin naki, kin baro shi?"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin gado. Ya yi dariya, ya ɗauka wasan da muka saba ne.

To, ina da gwangwani, sai me? Na madara ne, babba, yana bayan kwalla a ɗakina. A gidanmu ni kaɗai ke karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin magani, shi ya sa har surukata Inna Kande Madam take ce mini. In an kai yaro likita aka rubuta kafso na kwana bakwai, rana ta uku yaron ya tashi yana guje-guje. In ci gaba da ɗura magani a cikin lafiyayye? Sai in ajiye sauran. Ja-da-rawaya a leda ɗaya, ja-da-baƙi a ɗaya, farare a ɗaya. Mai tari ya zo in ba shi biyu, mai gudawa biyu, mai ƙurji in fasa guda in barbaɗa masa garin. Shekara goma ina yi. Inna takan ce wa mata a wurin suna, "Ni gidana ba a ɓarnar magani, Allah ya ba ni suruka mai tattali." Ba wanda ya taɓa cewa in bari. Har daga maƙwabta ana turowa.

Ban san dalilin da nake rubuta wannan ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Juma'a, 4 ga Afirilu, azahar

Zafin jiki talatin da tara. Sun ce magani ba ya aiki rana ɗaya, a yi haƙuri.

Asabar, 5 ga Afirilu, da yamma

Fadila ta kira, babbar ƴarmu. Ta ce an cire albasa rabi, tana zube a lambu rana na dukanta, ba mai kai ta rudu, rumbun ajiyar albasa. Na ce kar ta faɗa da ƙarfi, amma ya riga ya ji. Mutumin da ba ya iya juyawa shi kaɗai ya kama ƙarfen gado zai tashi.

"Salma, ki ce musu su ruhe ta da ganyenta. Kar su yanke wuya gajere, ruɓewa za ta yi."

Na ce to. Na faɗa wa Fadila kalma bayan kalma, yana saurare yana gyara mini. Da ya gama ya koma ya kwanta, gumi ya jiƙa matashi. Ina jin haushin albasar nan kamar in je in banka mata wuta.

Kumburi yana kan layi. Bai wuce ba. Na duba sau goma sha ɗaya.

Lahadi, 6 ga Afirilu, da safe

Ya wuce da yatsa biyu.

Litinin, 7 ga Afirilu, bayan azahar

Lokotoro ya canza magani. Ya ɗebi mugunya a ƴar kwalba, ya ce za a aika babban ɗakin gwaji a ga wace irin ƙwayar cuta ce, kuma wane magani take tsoro. Kwana biyar kafin amsa ta dawo. Majo ya zana sabon layi sama da na farko.

Tanimun ba ya barin abu ya wuce shi. Ko injin ban ruwa ya lalace sai ya tsaya a kan makanike har ya gane. Ya ce, "Lokotoro, wanga magani, in ya shiga jiki, mi shika yi?"

Lokotoro ya jawo kujera ya zauna.

"Ƙwayoyin cutar ga masu rai na, Malam Tanimun, ido ne ba ya ganinsu. Kowace tana da bango da ya kewaye ta. Maganin da munka hwara ba ka, aikinai shi hana su ginin bangon, sai su hwashe su mutu. Na yau kuwa ciki shika shiga, shi tsai da abin da suka haɗa abincinsu da shi. Ba ci, ba haihuwa, sai jikinka shi ƙarasa su."

"To na hwarko mi ya hana shi?"

"Shi nika son in sani." Sai ya juyo wurina. "Madam, ki ƙara tunani. Ba kafso ko guda? Ko a bisa ciwon?"

Na ce ban tuna ba.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi, ya tashi.

Wa ya ce masa Madam ake ce mini? Abarshi ne, wallahi Abarshi ne. Kuma ni zai yi wa karin magana, yaron da na girme shi? Na fita bayan ɗaki na zauna a kan bulo ina huci. Na daɗe a can. Da na dawo Tanimun ya yi barci da bakinsa a buɗe, leɓensa duk ya tsage.

Talata, 8 ga Afirilu, da hantsi

Tanimun ma ai yana da nasa laifin. Sau nawa na ce mu je likita? Ya ce in ya kwanta wa zai ba albasa ruwa. Ya ɗaure ƙafar da leda ya shiga cikin ruwan, kullum, da azumi a bakinsa. Ya dawo yana ɗingishi ya miƙo mini ƙafar ya ce, "Yi mini abin nan naki in samu in tahi gobe." In ta lafa kwana biyu sai mu ce ta warke. In ta tashi sai in canza launi.

Na rubuta "mu". To, mu ɗin ne.

Alhamis, 10 ga Afirilu, la'asar

Layi na uku. Zafin jiki arba'in. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun muna amare.

Na fita ƙofar asibiti neman ruwan sanyi, sai ga mai tallar magani da tirensa a ka, kwalaye a jere kamar alawa. Ban san lokacin da na tsayar da shi ba. Na sayi kati ɗaya na ja-da-rawaya na ƙulle a bakin zane. A raina ina cewa nasu bai yi ba, wannan kuwa na ga aikinsa da idona, sau ɗari na gani. Na jira majo ya fita salla, na ɗaga gefen bandejin, na fasa guda a tafin hannuna.

Ban sa ba. Na rantse da Allah ban sa ba. Garin yana nan ya manne a layin hannuna, na wanke har yanzu da ɗaci.

Asabar, 12 ga Afirilu, bayan la'asar

Amsa ta zo.

Lokotoro ya nuna mana hoto a wayarsa. Wani ɗan faranti ne da aka shuka ƙwayoyin ƙafar Tanimun a ciki, sun tsiro sun rufe shi kamar fumfunar da ke fitowa a kan tsohon tuwo. A kai an jera ƴan takardu masu zagaye guda takwas, kowace an jiƙa ta da magani iri daban. Ya ce inda magani ke aiki, sai a ga fili fes ya kewaye takardar, ƙwayoyin sun kasa matsowa. Na duba. A guda bakwai, ƙwayoyin sun hau har kan takardar. Ɗaya tak ke da fili.

Ya miƙo takardar sakamakon. Ba sai an fassara mini ba, na koyar da faransanci shekara tara. Sunayen magunguna a jere, gaban kowane an sa R, wato ƙwayar ba ta jin sa. Guda ɗaya a can ƙasa ke da S. Rabin sunayen nan na san su kamar sunan ƴaƴana.

Tanimun ya ce, "Ya anka yi sunka ƙi jin magani? Wa ya koya musu?"

"Ba a rasa masu taurin kai cikin dubbai," in ji lokotoro. "Wata tana da abin da ka yanka maganin kahin shi taɓa ta, wata tana tohe shi waje. In an sha magani daidai, har ƙarshe, shi da jiki su taru su gama da cutar. In an sha kwana biyu an bari, ko an barbaɗa kaɗan, raunanan sun mutu, masu taurin kan sun samu hili. Kahin a gama tuƙa tuwo ɗaya ta zama huɗu. Kuma suna ba juna dabarar, har waɗanda ba danginsu ba."

Sai na ga fuskar Tanimun ta washe, karo na farko cikin kwana goma.

"Awa zaɓen iri ke nan! Albasar da ta hi ƙarhi ita muka aje ma baɗi, ta haihi irinta."

"Ka gane ƙwarai."

Yana murna ya gane. Ni kuwa na fita da gudu na yi amai a gindin dalbejiya.

Na tare lokotoro a baranda. Na faɗa masa. Ja-da-baƙi kwana biyu a satin farko. Ja-da-rawaya a barbaɗe, kullum bayan shan ruwa. Farare guda huɗu, ragowar na Inna. Wasu da kwalinsu ya yage ban san sunansu ba. Da na bara, da na bariya, duk lokacin da ya yi mura. Da sati bakwai. Yana rubutawa bai ɗaga kai ba. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ni ta, ko?"

"Ban iya ce miki ke ta. Ƙwayar tana iya hitowa daga ruwan lambu, ko takin dabbobin da aka zuba ma kafso cikin dussa. Ta cika ƙasa yanzu, kullum ina ganinta. Amma kwana biyat ɗin hwarko, da kin hwaɗa mini gaskiya, da ban ɓata su bisa wancan magani ba."

Ragunanmu ma ina zuba musu a dusa kafin layya. Wannan ban faɗa ba.

Maganin mai S babu shi a Konni. Abarshi zai tsallaka Sakkwato gobe. Yana tsaye a bayana lokacin da nake magana da lokotoro, ban sani ba sai da na juya. 

Litinin, 14 ga Afirilu, magariba

Abarshi ya dawo da shi, bayan ya zaga kantin magani shida. An fara.

Ya gaishe ni, "Sannu da jinya." Shi ke nan. Ba lokotoron gida, ba tsokana. Ya ajiye kwanon tuwo ya zauna a ɗaya gefen gadon. Shekara goma sha shida ina roƙon Allah ya rufe bakin mutumin nan.

Talata, 15 ga Afirilu, da hantsi

Fadila ta kira. Bilal, autanmu, yana gudawa tun jiya, wai Inna ta ɗauko gwangwani ta ce a tambaye ni wanne za a ba shi.

Na yi ihu har majo ya leƙo. Na ce kar a ba shi ko ɗaya, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita yanzu, a tafi da gwangwanin a miƙa wa ma'aikacin can. Inna ta karɓi wayar.

"Ke Madam, mi ya same ki? Ba ke kinka koya muna ba? Gudawa ja-da-rawaya, biyu. Yau kuma ya zama guba?"

"Inna, don Allah."

"Ɗana na can kwance kun ƙi hwaɗa mini gaskiya, jikana na nan kwance kin hana magani. To."

Ta kashe. Na sake kira sau huɗu kafin Fadila ta ɗaga ta ce suna hanya. Na zauna ina ƙirga sau nawa na ba Bilal. Shekararsa huɗu. Na kai tara na daina. Ya Allah, me na shuka a cikin yaron nan?

Alhamis, 17 ga Afirilu, azahar

Talatin da takwas! Ya sauko! Ya sha kunu kofi biyu, ya ce ba sukari, ya yi mini faɗa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba. Kumburi bai wuce layi na huɗu ba. Bilal ma ya warware, ba a ba shi kafso ko ɗaya ba.

Tanimun ya ce in mun koma zai sayi takalmin roba dogo, irin na ma'aikatan siminti. Na ce sai yanzu. Ya ce gara yanzu da babu. Mun yi dariya har tsohon gadon kusa ya taya mu bai san dalili ba.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 18 ga Afirilu, bayan sallar Juma'a

An kwance bandeji da safe. Yatsu uku sun yi baƙi.

An ɗauki hoton ƙashi. Lokotoro ya kira ni da Abarshi buronsa, wato ofishinsa. Ya ce sabon maganin yana aiki, shi ya sauko da zazzaɓin. Amma jini ne ke kai magani inda cuta take, kuma daga idon sawu zuwa ƙasa jini ya daina zuwa, naman ya mutu, ƙashin ya ciwu. Ƙwayoyin suna zaune a can inda magani ba ya isa, daga can za su yi ta komawa cikin jini. In an yanke ƙasa da gwiwa nan da Litinin, yana da kyakkyawan zato. In an wuce, sai sama da gwiwa. In an ƙara wucewa, bai ƙarasa ba.

Na tambaye shi da an fara wannan magani sati biyu da suka wuce fa. Ya ce Allah ne masani. Ba amsar da nake nema ba ke nan, ban kuma san wacce nake nema ba.

Asabar, 19 ga Afirilu, da yamma

Ya ƙi.

"Da ƙahwa biyu Allah ya kawo ni, da biyu za ni koma. Ku maishe ni gida."

Abarshi ya durƙusa a gaban gado, ƙato da shi, yana kuka yana cewa Yaya ka dubi ƴaƴanka. Tanimun ya ce manomin lambu mai ƙafa ɗaya me zai ba ƴaƴa, tausayi? Limamin masallacin asibiti ya zo ya yi masa nasiha, ya saurara da ladabi, ya ce ya gode. Takardar yarda tana kan akwatin gefen gado, an ɗora kofi a kanta.

Ni kuwa, in roƙe shi? Da wane bakin?

Lahadi, 20 ga Afirilu, da safe

Zazzaɓi ya dawo. Talatin da tara da rabi.

Lahadi, bayan la'asar

Na jira Abarshi ya fita, na ja labule, na zauna inda zai ga fuskata. Na faɗa masa duka. Na ce a jikin kowane kwali an rubuta a sha har ƙarshe ko an ji sauƙi, na karanta, ba sau ɗaya ba, na ce turawa ne da son a sayi kayansu. Na ce irin da yake cewa ana zaɓa, ni na yi ta zaɓensa a ƙafarsa. Na ce lokotoro ya tambaye ni sau biyu na yi ƙarya don kar a ce Madam ta yi kuskure, kuma ƙaryar ta ci kwana biyar.

Ya dube ni.

"An rubuta?"

"An rubuta."

"Ni ban yi lakwal ba, Salma. Abin da takarda ta ce, ke ɗai ka gani."

Da ya mare ni da ya fi.  Na ce masa ban zo neman gafara ba, ba yau ba. Na ce, "In ka tashi da ƙahwa guda, ni na gurgunta ka, zan ɗauka, zan zama ƙahwarka har in mutu. In ka koma gida ka mutu, ni na kashe uban Fadila da Bilal. Kullum zan zuba musu tuwo da hannun ga. Don girman Allah kar ka bar ni da wanga."

Ya juya fuska bango. Na ji ana kiran salla, na ji an idar, bai motsa ba. Can ya ce in kira majo ya zo da tawada. Ya dangwala babban yatsansa a takardar da kansa, bai bari na riƙe masa hannu ba.

Da Abarshi ya shigo, shi ya yi wa magana, ba ni ba. Ya ce in an cire ƙafar kar a bar ta a asibiti. A kai ta gida a binne a gefen lambu, wajen gabas inda ruwa ba ya kwanciya. "Shekara talatin tana zuwa can," in ji shi, "ta san wurin."

Litinin, 21 ga Afirilu, azahar

Sun shiga da shi ƙarfe tara. Sun fito da shi sha ɗaya da kwata. Lokotoro ya ce naman da ke sama mai kyau ne, ya yi jini sosai, wai abin so ke nan.

Majo ya kira mu ta ƙofar baya. Tana cikin baƙar leda, an ɗaure. Na ce ba za ta tafi gida a leda ba. Na kwance mayafina na naɗe ta, na ɗauka. Abarshi ya miƙo hannu na ƙi. Ban san ƙafa tana da nauyi haka ba. Na kai ta har mota na kwantar a kujerar gaba. Abarshi ya hau, ya tada inji, sannan ya leƙo ta taga.

"Mi zan ce ma Inna?"

"Ka ce mata yana da rai. Sauran ni zan hwaɗa mata da bakina."

Ya gyaɗa kai ya ja mota.

Litinin, kafin magariba

Bai farka sosai ba tukuna. Ya buɗe ido sau ɗaya, ya dube ni, ya rufe. Ban san me ke cikin kallon ba. Goshinsa da sanyi.

Kwana goma sha tara aikina a ɗakin nan ɗaya ne, in zauna a ƙarshen gado da mafici ina kore ƙuda daga ƙafar. Ɗazu majo ya zo duba ƙarin ruwa, ya tsaya a kaina, ya ce a hankali, "Madam, matso sama." Sai na duba. Tun la'asar katifa nake yi wa fifita.